Yadda Ake Kwatanta Kason Noma da Kiwo a Hayaƙin da Ƙasashe Ke Fitarwa

Ɗalibai masu rubuta kundin kammala karatu da 'yan jaridar da ke bin labaran sauyin yanayi sun sha aiko mini da tambaya iri ɗaya: wai kashi nawa noma da kiwo ke ɗauka a cikin iskar da ke ɗumama duniya a ƙasa kaza, kuma ta yaya za a jera wannan kaso da na wata ƙasa? Wani ya ce ya leƙa shafuka uku ya ga alƙaluma uku na ƙasa ɗaya, ba wanda ya yi kama da ɗan'uwansa. Babu wanda ya yi masa ƙarya a cikinsu. Mudu ne ya bambanta, kuma duk wanda ya taɓa awon hatsi ya san mudun wannan kasuwa ba lallai ya zo daidai da na waccan ba. Aikin da ke gabanmu shi ne auna kowace ƙasa da mudu ɗaya.

Kayan aikin ba su da yawa: kwamfuta (waya ma za ta yi, amma da wahala), manhajar Excel ko Google Sheets, da data. Duk rumbunan alƙaluman da zan ambata kyauta ne, don haka duk wanda ya ce ka biya shi kafin ya ba ka su, ka san da abin da ya zo. Ƙasashe huɗu ko biyar daga rumbu guda aikin rabin yini ne. In kuwa rahotannin gwamnatoci za ka bi ɗaya bayan ɗaya, ka ware kwanaki, domin wasunsu sun haura shafi ɗari biyar.

1. Rubuta tambayarka kafin ka buɗe komai

Jimla ɗaya tak, a saman takardarka. Kana son sanin wace ƙasa ce noma ya fi rinjaye a cikin hayaƙinta? Ko wace ƙasa ce gonakinta suka fi fitar da hayaƙi? Ko wace ce hayaƙin nomanta ya fi yawa idan aka raba wa kowane ɗan ƙasa? Tambayoyi uku ne daban, amsoshinsu ma daban. Tambaya ta farko kawai kaso ke amsawa.

2. Shata iyakar abin da kake kira noma

Nan ne mafi yawan mutane ke zamewa, saboda kalmar noma tana da iyaka uku a wannan fanni.

Iyaka ta farko ita ce ta cikin gona da garke. A jadawalin da ƙasashe ke miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya, sassa biyar ne: makamashi, masana'antu, noma, amfani da ƙasa da dazuzzuka, sai shara. Noma shi ne sashe na 3, kuma ga abin da ke cikinsa: 3A iskar metan da shanu, tumaki, awaki da raƙuma ke gyatsawa yayin tuƙa; 3B kashin dabbobi da yadda ake tara shi; 3C shinkafar da ake nomawa cikin ruwa kwance; 3D iskar N2O da ke tashi daga ƙasar gona bayan an zuba taki; 3E da 3F ƙona daji da ƙona karan gona; 3G da 3H farar ƙasa da takin yuriya. A duniya baki ɗaya wannan ɓangare yana ɗaukar kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari.

Iyaka ta biyu ta haɗa da sare daji don buɗe gona ko makiyaya, da busar da fadamu. Idan ka ga an rubuta AFOLU, wannan ake nufi. A takardun Nijar, Chadi da Kamaru da ke cikin Faransanci za ka ga AFAT. Kwamitin masana yanayi na duniya, IPCC, ya ƙiyasta shi a kashi 22 na hayaƙin duniya a 2019.

Iyaka ta uku ita ce tafiyar abinci gaba ɗaya, daga masana'antar taki zuwa injin niƙa, firji, motar dakon kaya, girki da abincin da aka zubar. Hukumar abinci ta duniya, FAO, na sa wannan a kusan kashi 30.

To ka ga abu ɗaya yana da 11, yana da 22, yana da 30. Shawarata ga mai farawa: riƙe iyaka ta farko a matsayin babban ma'auni, ka ajiye ta biyu a gefe don ƙasashen da ake sare dazuzzuka. Barazil ce misalin da ya fi fitowa fili. A lissafin SEEG, na gamayyar ƙungiyoyin sa ido kan yanayi na ƙasar, gona da garke sun ɗauki kusan kashi 27 a 2022, sauya amfani da ƙasa kuma ya kusa rabi, alhali galibin dajin da ake sarewa makiyayar shanu da gonar waken suya yake komawa. Wanda ya rubuta 27 ya yi shiru ya faɗi gaskiya, amma ya ɓoye rabinta.

Hattara: man dizal na tarakta da fetur na injin ban-ruwa ba sa cikin sashe na 3, suna ƙarƙashin makamashi a lamba 1.A.4.c. Sarrafa takin zamani a masana'anta kuma yana sashe na 2. Wasu hukumomi kan kwaso su su ɗora wa noma idan suna ba da rahoto bisa sassan tattalin arziki, sai kason ya ɗan ƙaru.

3. Zaɓi jimillar da za ka raba da ita

Kaso rabawa ne: hayaƙin noma a sama, jimillar hayaƙin ƙasa a ƙasa. Kowa na zuba ido a kan na sama, na ƙasan kuwa shi ne ya fi juya amsa.

Jimilla iri biyu ce. Akwai wadda ba a sa sashen ƙasa da dazuzzuka a ciki ba, akwai kuma wadda aka sa, inda ake ɗebe iskar kabon da bishiyoyi suka shanye. A shafukan za ka ga zaɓin da ke ɗauke da haruffan LULUCF ko LUCF, ɗaya da shi ɗaya babu shi. Ɗauki wanda babu shi.

Ga dalili. Niyuzilan na fitar da kusan tan miliyan 78 a shekara, noma da kiwo na da kusan miliyan 40 a ciki, wato rabi da ɗoriya. Dazuzzukanta na shanye kusan miliyan 20. Idan ka raba 40 da abin da ya rage bayan an ɗebe, kason zai haura zuwa kusan kashi 70, alhali ko tunkiya ɗaya ba a ƙara ba. Akwai ma ƙasashe irin su Butan da dajinsu ke shanye fiye da abin da suke fitarwa. A nan rabawar ba za ta ba ka wata lamba mai ma'ana ba sam.

Hattara: idan iyaka ta biyu ka ɗauka a mataki na 2, dole sashen dazuzzuka ya shiga jimilla shi ma. Kada ya hau sama ya rasa gurbi a ƙasa. Na sha ganin jadawalin da kasonsa ya haura ɗari saboda wannan kuskure.

4. Ɗebi ruwa daga rijiya ɗaya

Rumbunan da suka fi amfani guda huɗu ne. FAOSTAT na FAO yana da alƙaluman gona da dabbobi tun daga 1961, akwai shi cikin Turanci, Faransanci da Larabci. Climate Watch na cibiyar WRI ya fi kowa sauƙin latsawa: ka zaɓi ƙasashe, ka zaɓi sashe, ka sauke fayil, kuma ya fara daga 1990. EDGAR na Tarayyar Turai ya koma har 1970. Na huɗu shi ne shafin UNFCCC, na yarjejeniyar sauyin yanayi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, inda kowace ƙasa ke ajiye rahoton da ita da kanta ta rubuta.

Ukun farko suna auna duk ƙasashe da hanya ɗaya, abin da ya sa suka dace da kwatance. Na huɗun ya fi sanin sirrin cikin gida, amma kowace ƙasa da nata salon da shekarar da ta tsaya. Don haka ka ɗauki ɗaya daga cikin ukun ka yi dukan jadawalin da shi, sannan ka yi amfani da rahotannin ƙasa don tantancewa. Sauke fayil ɗin CSV, kada ka tsaya kwafar lambobi daga hoton jadawali. Fayil ɗin ƙarami ne, ba zai cinye maka data ba. Rubuta ranar da ka sauke, saboda rumbunan kan gyara alƙaluman shekarun baya duk lokacin da suka sabunta.

Hattara: kada ka ɗauki na sama daga FAOSTAT na ƙasa daga EDGAR. Kuma idan ka ga Climate Watch ya yi daidai da FAOSTAT a kan noma, kada ka ce shaidu biyu sun haɗu, domin na farkon daga na biyun yake ɗebo alƙaluman nomansa. Haka shafuka irin su Our World in Data, dillalai ne, sukan rubuta inda suka samo a ƙasan kowane jadawali. Karanta wannan ƙaramin rubutun.

5. Duba farashin canjin da aka yi amfani da shi

Noma ba kabon yake fi fitarwa ba, metan ne da N2O. Kafin a haɗa su da hayaƙin mota da na tashar lantarki, sai an canza su zuwa kuɗi ɗaya, wato kwatankwacin kabon, da ake rubutawa CO2e. Kamar dai ka je wurin 'yan canji da sefa da dala kana son sanin nawa ne a naira. Matsalar ita ce farashin ya sha sauyawa. Ana kiransa GWP, wato tan nawa na kabon ne daidai da tan ɗaya na iskar, kuma ga yadda ya kasance a rahotannin IPCC, bisa awon shekara 100:

Rahoto na biyu, SAR: metan 21, N2O 310.
Rahoto na huɗu, AR4: metan 25, N2O 298.
Rahoto na biyar, AR5: metan 28, N2O 265.
Rahoto na shida, AR6: metan na dabbobi da shinkafa 27, N2O 273.

Tsofaffin rahotannin ƙasashe masu tasowa da yawa da 21 suka yi lissafi. A ƙarƙashin yarjejeniyar Paris an amince kowa ya koma AR5, kuma rahotannin farko na sabon tsarin, BTR, wa'adin miƙa su ya cika a ƙarshen Disambar 2024. Saboda haka AR5 za ka riƙe.

Bari mu gwada da wata ƙasa ta misali, wadda na ƙirƙira don lissafi kawai. Tana fitar da tan miliyan 50 na kabon daga makamashi, da tan miliyan 1 na metan daga shanu. Da farashin 21, kason noma 21 ne cikin 71, wato kusan kashi 30. Da farashin 28, 28 ne cikin 78, kusan kashi 36. Shanun nan dai su ne, ba su ƙaru ba.

Gyaran ba wuya. Idan rahoton ya ba da kowace iska daban, ɗauki nauyinta na asali ka ninka da 28 ko 265. Idan an riga an canza, raba da tsohon farashi ka ninka da sabo: metan na SAR ka raba da 21 ka ninka da 28. Ka yi wa metan ɗin sauran sassa haka, irin na shara da na rijiyoyin mai, in ba haka ba jimillarka za ta zama gaurayen kuɗi biyu.

Hattara: wasu masu fafutuka na amfani da awon shekara 20, inda metan ke haura 80. A ƙasarmu ta misali, da 84 kason zai kai kusan kashi 63. Lissafin halal ne a wurinsa, amma ba ya zama layi ɗaya da na shekara 100.

6. Shekara ɗaya, ma'auni ɗaya

Zaɓi shekarar da duk ƙasashenka ke da alƙaluma, in da hali ka ɗauki matsakaicin shekaru uku. Kauce wa 2020 ita kaɗai: kullen korona ya tsayar da jirage da motoci, hayaƙin makamashi ya faɗi, shanu kuwa ba su daina tuƙa ba, sai kason noma ya yi kamar ya tashi. In kana amfani da iyaka ta biyu, 2015 ma ta kumbura alƙaluman Indunusiya saboda gobarar daji da ta fadamu.

Ma'auni kuma: kt da Gg abu ɗaya ne, tan dubu. Mt da Tg abu ɗaya ne, tan miliyan. Gt tan biliyan ne.

Hattara: takardun Faransanci na sa waƙafi inda Turanci ke sa ɗigo. 35,5 a rahoton Yamai talatin da biyar da rabi ne. Excel kan ɗauke shi a matsayin rubutu ko ya karanta shi ba daidai ba, don haka duba da idonka.

7. Yi lissafin

Kowace ƙasa layinta. A kwance ka jera: shekara, hayaƙin noma, jimilla, farashin canji, yawan jama'a, tushe. Kaso shi ne noma a raba da jimilla a ninka da 100. Bar manhaja ta yi rabawar, kai kuma ka yanke ɗigon. 14 ya wadatar, 13.72 burga ce kawai, dalilin yana mataki na 9.

8. Ɗora tan da kason kowane mutum a gefe

Ba don wannan mataki ba, da jadawalin zai yaudari mai karatu. Ɗauki ƙasashe huɗu, da alƙaluman da hukumominsu suka bayar a 'yan shekarun nan, na dunƙule su.

Niyuzilan: kusan rabi, tan miliyan 40.
Ailan: kusan kashi 38, tan miliyan 21 zuwa 23.
Indiya: kusan kashi 14, tan miliyan 400.
Amurka: kusan kashi 10, tan miliyan 600.

Ta fuskar kaso Amurka ce ta ƙarshe. Ta fuskar tan ita ce ta farko, ta ninka Niyuzilan kusan sau 15. Kasonta ya ƙanƙance ne saboda jimillarta ta haura tan biliyan 6, motoci da tashoshin lantarki sun danne gona. Sin ma haka take: ƙasa da kashi 10, amma ɗaruruwan miliyoyin tan. Niyuzilan kuwa fiye da kashi 80 na lantarkinta daga ruwa, iska da zafin ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, tumakinta sun haura miliyan 20, mutanenta miliyan 5 da 'yan kai. Gobe idan Ailan ta rufe duk tashoshinta na gas, kason nomanta zai tashi, kuma labari mai daɗi ne ba mara daɗi ba.

Yanzu raba tan da yawan jama'a. Niyuzilan kusan tan 8 ga kowane mutum, Ailan kusan 4, Amurka ƙasa da 2, Indiya kusan 0.3. Jeri ya sake juyawa, Indiya da ta fi Amurka kaso ta koma can ƙasa.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Ƙasashe irin su Nijar, Chadi da Habasha kasonsu na noma da kiwo yana da yawa ƙwarai, don kuwa masana'antu da lantarki kaɗan ne, babu abin da zai danne garke a lissafi. Duk wanda ya ɗauki wannan kaso ya ce makiyayin Sahel ne ke ɗumama duniya, bai kai mataki na 8 ba.

Hattara: lissafin ƙasa na bin inda aka samar da kaya ne, ba inda aka ci ba. Niyuzilan na fitar da kusan kashi 95 na madararta waje, Ailan kusan kashi 90 na naman shanu da madararta. Madarar garin da ake damawa a shayi a Kano ko Maraɗi, in daga can ta fito, gyatsar saniyar tana rubuce a littafinsu. Don haka tan 8 ɗin nan ba ya nufin cin ɗan Niyuzilan.

9. Bi sawun duk lambar da ta ba ka mamaki

Hayaƙin tashar lantarki ana saninsa daga man da aka ƙona. Na noma ƙiyasi ne: yawan dabbobi a ninka da abin da ake zaton kowace na fitarwa. Hanya mafi sauƙi, da rahotanni ke yi wa alama T1, tana amfani da lambobin ƙa'idar IPCC ta 2006: saniyar Afirka da ba ta tatsa ba kilo 31 na metan a shekara, akuya kilo 5, raƙumi kilo 46. T2 da T3 na nufin ƙasar ta auna nauyin dabbobinta da abincinsu da kanta. FAOSTAT da T1 yake yi wa kowa.

Kai ma za ka iya gwadawa. Shanu miliyan ɗaya sau kilo 31 tan dubu 31 ne na metan, sau 28 ya zama tan dubu 868 na CO2e. Ɗauki yawan shanun ƙasar ka ninka, ka ga ko ka kusanci abin da ke layin 3A. In tazarar ta yi ninki biyu, wani abu ya kauce, ko a wurinka ko a wurinsu.

IPCC da kanta ta ce lambobin T1 na dabbobi na iya kaucewa da kashi 30 zuwa 50, na N2O daga taki ma ya fi haka faɗi. Ga kuma ƙidayar dabbobin: garken da ya yi damina a Nijar ya yi rani a Najeriya, na wa ne? Shi ya sa bambancin 14 da 16 ba bambanci ba ne. Bambancin 14 da 50 ne abin magana.

Najeriya ta ba mu darasi mai kyau a nan. Rahotonta na ƙasa na uku ya ce a 2016 sashen AFOLU ne ke da kusan kashi 60 na jimillar da ta haura tan miliyan 600, makamashi kusan kashi 34. Takardar alƙawarinta na yanayi da ta sabunta a 2021 kuma ta ce a 2018 jimillar tan miliyan 347 ce, makamashi kashi 60, AFOLU kashi 25. Duba tan na makamashi a takardun biyu, duka sun ɗan haura miliyan 200, bai motsa ba. Duk tazarar a ɓangaren AFOLU take, daga sama da miliyan 360 zuwa ƙasa da 90 cikin shekara biyu, abin da ba zai yiwu a ƙasa ba sai dai a takarda. Lissafi ne ya sauya. Ɗalibin da ya jera 60 da 25 ya rubuta cewa noman Najeriya ya rage hayaƙi, zai sha tambaya ranar kare kundi.

Hattara: kabon da ke tashi daga itacen girki da gawayi ba a tara shi a jimillar makamashi, a sashen dazuzzuka ake lissafa shi a matsayin itacen da aka ɗebe. A ƙasashen da murhu ke ci da itace, wannan kaɗai kan kumbura AFOLU, sai mai gaggawa ya ɗora wa manomi laifin tukunya.

10. Rubuta sakamakon da rigarsa

Kada lamba ta fita tsirara. Duk inda ka ambaci kaso, abu biyar su biyo shi, ko a cikin jimlar ko a ƙasan jadawalin: shekara, iyakar noma, irin jimilla, farashin canji, da tushe tare da ranar saukewa. In za ka yi zane, sanduna kwance sun fi da'irar da ake yankawa, kuma ka yi zane biyu gefe da gefe, ɗaya na kaso ɗaya na tan, da jerin ƙasashe iri ɗaya don ido ya ga yadda suke musayar wuri.

A labarin rediyo ko na jarida, inda babu sarari, jimlar za ta iya zama kamar haka: noma da kiwo ne ke da kusan rabin hayaƙin Niyuzilan idan ba a sa dazuzzuka a lissafi ba, wato kusan tan miliyan 40 a shekara, yayin da a Amurka suke da kashi 10 kacal, amma tan miliyan 600.